Yadda Yawun Dangi Ya Tona Asirin Makasa

Ranar Talata 24 ga Afrilu 2018, da yamma, wani tsoho ɗan shekara 72 ya fito ƙofar gidansa a unguwar Citrus Heights da ke gefen birnin Sacramento a jihar Kalifoniya, sai ya ga jami'an tsaro sun yi masa ƙawanya. An ruwaito cewa abin da ya fara damunsa shi ne naman da ya bari yana gasuwa a kicin. Maƙwabta sun san shi da kula da ciyawar ƙofar gida da kuma saurin fushi, mutum ne da ake jiyo zaginsa ko da shi kaɗai ne a tsakar gida. Shekara 27 ya yi yana gyaran manyan motoci a rumbun ajiyar kaya na wani kamfanin kantuna, bai daɗe da yin ritaya ba. Sunansa Joseph James DeAngelo.

Sama da shekara 40 ana neman mutumin nan ba a san ko wane ne ba. Ya fara da haura gidaje a garin Visalia a 1974, ya birkice kayan mata, ya ɗauki abin da bai taka kara ya karya ba. A can ya fara kisa, a watan Satumba 1975, lokacin da ya harbe wani malamin kwaleji da ya fito ceton 'yarsa. Daga 1976 ta'asar ta koma gabashin Sacramento, ta rikiɗe ta zama fyaɗe. Yakan shiga da tsakar dare fuska a rufe, ya dallare ma'aurata da tocila, ya sa matar ta ɗaure mijinta da igiyar takalmi, sannan ya jera faranta a gadon bayan mijin, ya gargaɗe shi cewa in ya ji motsin tangaran ko ɗaya, to kowa a gidan sai ya mutu. Wani lokaci har firji yake buɗewa ya ci abinci kafin ya fita. Daga Disamba 1979, bayan ya gangara kudancin jihar, ya daina barin shaida da rai. Kisansa na ƙarshe a garin Irvine ne, a watan Mayu 1986. Jimillar abin da aka ɗora masa: rayuka 13, fyaɗe wajen 50, da fasa gidaje fiye da 100.

A yawancin shekarun farkon nan kuwa ɗan sanda ne, mai kaki da bindigar gwamnati. Ya yi aiki a Exeter daga 1973, ya koma Auburn a 1976, aka kore shi a 1979 bayan an kama shi ya saci guduma da maganin korar karnuka a kanti.

A 2001 gwaji ya tabbatar cewa mai fyaɗen arewa da makashin kudu mutum ɗaya ne. Wato tun a lokacin ƙwayar halittarsa ta DNA tana hannun hukuma, sunan ne babu. Rumbun bayanan 'yan sanda ba ya nuna kowa sai wanda aka taɓa ɗaukar samfurinsa, shi kuma ba a taɓa ɗaukar nasa ba. Daga ƙarshe ba shi aka fara samu ba, danginsa aka samu, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba.

Maganar dangi tana cikin ilimin gwajin DNA tun ranar da aka haifi ilimin. Da safiyar Litinin 10 ga Satumba 1984, a Jami'ar Leicester da ke Ingila, Alec Jeffreys ya ɗaga wani faifan hoto da ya wanke a ɗakin gwaji, ya ga layuka-layuka baƙaƙe. Cikin samfuran da ya gwada akwai na wata ma'aikaciyarsa da na mahaifiyarta da mahaifinta. Layukan kowa daban suke, amma na 'yar, wasu daga uwa suka zo, wasu daga uba. Hoto ɗaya ya nuna abu biyu: ana iya bambance mutum da kowa, ana kuma iya gane na wane ne shi. Aiki na farko da aka yi da dabarar ma ba na kisa ba ne. A 1985 ta raba gardama tsakanin hukumar shige da fice ta Birtaniya da wani iyali 'yan asalin Ghana, ta tabbatar cewa yaron da ake shirin korarsa daga ƙasar ɗan cikin matar da ke iƙirarinsa ne.

'Yan sanda dai ɓangaren farko, na bambance mutum da kowa, suka runguma. A ƙauyukan Narborough da Enderby, kusa da Leicester, an kashe 'yan mata biyu masu shekara 15, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. Wani saurayi ɗan shekara 17 ya amsa laifin kisa na biyu, gwajin Jeffreys ya nuna ba shi ba ne. Sai aka bi maza wajen 5,000 na yankin ana ɗibar jininsu, ba a dace ba, domin mai laifin, Colin Pitchfork, mai aikin gidan burodi, ya lallaɓa abokin aikinsa ya je ya ba da jini da sunansa. Surutun abokin a mashaya ne ya tona asiri, wata mata ta ji ta kai rahoto. Aka yanke wa Pitchfork ɗaurin rai da rai a 1988. Birtaniya ta buɗe rumbun DNA na ƙasa a 1995, Amurka ta haɗe nata mai suna CODIS a 1998.

Ba a daɗe ba masu bincike suka fara tambayar kansu: in mai laifin ba ya cikin rumbun, ɗansa fa, ko ƙanensa? A birnin Cardiff na yankin Wales an kashe wata budurwa a 1988, aka ɗaure mutum uku bisa zalunci a 1990, kotun ɗaukaka ƙara ta sake su a 1992. Shekaru bayan haka aka samo DNA ɗin wani namiji a ɗakin da abin ya faru, har da ɗigon jinin da fenti ya rufe a jikin katakon gindin bango. Da aka nemi masu kama da shi a rumbun ƙasa, sai aka faɗa kan wani yaro ɗan shekara 14, wanda ko haifarsa ba a yi ba lokacin kisan. Aka bi danginsa ɗaya bayan ɗaya har aka kai ga baffansa, Jeffrey Gafoor, wanda ya amsa laifi a 2003. Haka aka yi a Los Angeles a 2010, inda samfurin wani matashi da aka kama da makami ya kai jami'ai ga mahaifinsa, Lonnie Franklin, wanda ya yi shekaru yana kashe mata, akasarinsu baƙaƙen fata matalauta, a kudancin birnin. Wani jami'i ya yi shigar mai kwashe kwanuka a gidan cin abinci, ya ɗauke ragowar fiza da Franklin ya bari. An same shi da laifin kisan mutum 10.

Sai dai hannun wannan hanya gajere ne. Rumbun 'yan sandan Amurka wurare 13 kawai yake dubawa a cikin DNA, daga baya aka mayar da su 20. Wannan ya isa a ce shi ne ko ba shi ba ne, ya isa a hango uba ko ɗa ko ɗan'uwa shaƙiƙi, amma daga nan idonsa ya ƙare. Kuma sai in dangin makashin sun taɓa faɗawa hannun hukuma.

Abin da ya canza lissafin daga wani wuri ya ɓullo, wurin da ba shi da haɗi da laifi ko kaɗan. Amurkawa, 'ya'yan baƙi masu ƙaura da jikokin bayi, suna da ƙishin sanin asalinsu. Kamfanoni irin su 23andMe da Ancestry suka fara sayar da 'yar kwalba kan dala 99 ko ƙasa da haka. Ka tofa yawu a ciki, ka aika ta gidan waya, bayan 'yan makonni a gaya maka daga ina kakanninka suka fito, a kuma jera maka sunayen waɗanda kuka haɗa jini cikin sauran masu tofawa. Zuwa farkon 2019 mutum sama da miliyan 26 sun yi wannan gwaji. Shi kuma ba wurare 20 yake karantawa ba, fiye da 600,000 ne, don haka yana ganin dogayen yankunan DNA da mutum biyu suka gada daga kaka ɗaya.

Bahaushe ya ce ɗan'uwa rabin jiki, a wannan fage kuwa maganar lissafi ce zalla. Mutum na raba rabin gadon halittarsa da uwa, da uba, da kuma shaƙiƙinsa a matsakaicin ƙiyasi. Da ɗan baffa ko ɗan kawu, ɗaya bisa takwas. In a wajen iyayen kakanni aka haɗu, wajen kashi 3 cikin 100. In sai a kakannin kakanni, bai kai kashi 1 ba, amma na'ura na ganinsa. Kusan kowa kuma yana da irin waɗannan dangi na nesa ɗaruruwa, waɗanda ko a hanya ya gamu da su ba zai gaishe su ba.

Manyan kamfanonin ba sa barin 'yan sanda su zuba samfurin wurin laifi a rumbunansu. Amma a 2010 wasu mutum biyu masu sha'awar bin salsala, Curtis Rogers da John Olson, sun buɗe wani shafin intanet na kyauta mai suna GEDmatch, ofishinsa wani ɗan ƙaramin gida a Lake Worth ta jihar Florida. Duk wanda ya yi gwaji a kowane kamfani yana iya kwafo sakamakonsa ya ɗora a can, ya nemi dangi cikin abokan cinikin sauran kamfanoni. Waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne mutanen da aka ba da su riƙo tun suna jarirai, suke neman iyayen da suka haife su. A wajen taimaka wa irin waɗannan ne wasu 'yan sa-kai, yawancinsu mata, suka goge a dabarar gano mutum ta hanyar danginsa na nesa.

Ɗaya daga cikinsu ita ce Barbara Rae-Venter, haifaffiyar New Zealand, masaniyar ilimin halittu kuma lauya mai ritaya. A 2016 ta gano asalin wata mata da aka sace tun tana jaririya, aka yar da ita a Kalifoniya a 1986, ta girma ba ta san ko sunanta na yanka ba. Labarin ya kai kunnen Paul Holes, jami'in bincike a gundumar Contra Costa da ya kwashe fiye da shekara 20 yana bin sawun mai fyaɗen Sacramento. Tunaninsa mai sauƙi ne: in za a iya gano iyayen wanda bai san kansa ba, me zai hana a gano iyayen wanda ke ɓoye kansa?

Matsalar farko ita ce samfuri, don gwaje-gwajen baya sun cinye yawancin abin da aka adana. Sai aka yi sa'a. Likitan da ya binciki gawarwakin wasu ma'aurata da aka kashe a Ventura a 1980 yana da al'adar ɗibar samfuri biyu, ya ba 'yan sanda ɗaya, ya ajiye ɗaya. Na biyun yana nan cikin na'urar sanyi, shekara 37 ba wanda ya taɓa shi. Daga shi aka fitar da cikakken bayani, aka ɗora a shafin GEDmatch kamar kowane mai neman dangi.

Abin da ya fito ba suna ɗaya ba ne, jerin mutane ne masu nisan dangantaka da makashin. Aikin da ya biyo baya kuwa ba na ɗakin gwaji ba ne, na takardu ne. Ana ɗaukar kowane ɗaya a hau da shi sama, uba, kaka, kakan kaka, ta hanyar rajistar ƙidaya, takardun aure, sanarwar mutuwa a tsoffin jaridu da rubutun kan kaburbura, har a kai inda zuriyar biyu ko uku daga cikinsu ta haɗu. A wannan karon an kai ga wasu ma'aurata da suka rayu a farkon shekarun 1800. Daga nan sai a juyo ƙasa, a bi duk 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, reshe bayan reshe, sunaye dubbai. Sannan a fara tankaɗe: namiji, mai shekaru kaza, wanda ya zauna a Kalifoniya a lokacin. Bayan 'yan watanni saura maza 'yan ƙalilan. DNA ɗin ya nuna mai laifin shuɗayen idanu gare shi, takardun lasisin tuƙi kuma suka nuna wanda ke da su.

A ranarsa ta ƙarshe a bakin aiki, cikin Maris 2018, Holes ya faka mota a gaban gidan DeAngelo, ya yi ta shawarar ko ya ƙwanƙwasa ya nemi samfuri a mutunce, daga bisani ya ja motarsa ya tafi. Wasu jami'ai suka ci gaba da bibiya. Ranar 18 ga Afrilu tsohon ya shiga kanti a Roseville, suka goge mariƙin ƙofar motarsa. Kwanaki kaɗan bayan haka suka tsinci takardar share hanci a kwandon sharar da ya fitar bakin titi. Ta dace. A watan Yuni 2020 ya amsa laifin kisa 13 don kauce wa hukuncin kisa, a wani babban zaure na jami'ar jiha a Sacramento da aka mayar kotu saboda annobar korona, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Agusta.

Ƙofa na buɗewa sai aka yi ta tururuwa. Wata ɗaya bai cika ba, CeCe Moore, wata gwanar bin salsala da ke aiki da kamfanin Parabon, ta karɓi binciken kisan wani saurayi da budurwarsa 'yan Kanada da suka tsallaka zuwa Seattle a 1987 don sayo kayan gyaran na'urar ɗumama gida. Mutum biyu suka fito da dangantaka ta kusa-kusa da makashin, ɗaya ta wajen uba, ɗaya ta wajen uwa. Aure ɗaya ne ya haɗa gidajen biyu, kuma ɗa namiji ɗaya aka haifa a auren. Binciken da ya gagara shekara 30 ya warware cikin 'yan sa'o'i. William Talbott, direban babbar mota, shi ne na farko da masu taya alƙali hukunci suka samu da laifi ta wannan hanya, a 2019. Dabarar ta ƙetara teku ma, a 2020 ta warware kisan wani yaro ɗan shekara 8 da wata mata da aka yi a 2004 a birnin Linköping na Suwidin.

Wanda yake son ya ga alherin abin da sharrinsa a faifai ɗaya, ya dubi garin Idaho Falls. A watan Yuni 1996 aka yi wa wata budurwa 'yar shekara 18 fyaɗe aka kashe ta a ɗakinta. 'Yan sanda suka tsare wani matashi, Christopher Tapp, suka yi ta matsa masa da tambayoyi har ya amsa, aka ɗaure shi duk da cewa DNA ɗin wurin ba nasa ba ne. A 2014 suka gwada neman dangi a wani rumbun salsala, suka ga wani dattijo da ya kusa dacewa, wanda ya ba da samfurinsa shekaru da dama kafin nan a wani shirin bin asali. Sai suka zargi ɗansa, mai shirya fim a New Orleans, har da hujjar cewa ya taɓa yin fim a kan kisa. Suka ɗebi yawunsa, ya yi wajen wata guda cikin zulumi kafin sakamako ya wanke shi. Laifinsa kawai mahaifinsa ya so sanin kakanninsa.

Daga baya Moore ta karɓi aikin. Ta gano gidan da makashin ya fito, aka tace maza shida na zuriyar, babu wanda ya dace. Sai wata tsohuwar sanarwar mutuwa ta nuna akwai wani aure da ya mutu da wuri, da ɗa namiji da ya tashi da sunan mijin uwarsa. Shi ne Brian Dripps, wanda a lokacin kisan gidansa ke kallon na marigayiyar, titi ne kawai tsakani. Guntun taba da ya jefar ta tagar mota ya tabbatar da shi. A watan Yuli 2019 kotu ta wanke Tapp bayan ya sha shekara 20 a kurkuku, kuma cikin waɗanda suka fi fafutukar a sake shi har da mahaifiyar yarinyar da aka kashe. A 2022 birnin ya amince ya biya shi diyyar dala miliyan 11.7.

A cikin watan Mayun 2019 da aka kama Dripps ne rigimar izini ta fashe. Tun a Oktoba 2018 Yaniv Erlich da abokan bincikensa suka wallafa a mujallar Science cewa wajen kashi 60 cikin 100 na Amurkawa masu asalin Turai ana iya samun danginsu a irin waɗannan rumbuna, kuma da zarar kashi 2 cikin 100 na al'umma sun yi gwajin, kusan kowa ya shiga. A nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya tofa yawu ya sa hannu a madadin kansa, amma abin da ya miƙa na gidansu ne gaba ɗaya, har da waɗanda ba a haifa ba. Da Rogers ya karya ƙa'idar shafinsa ya bar 'yan sandan Utah su nemi wanda ya shaƙe wata tsohuwa 'yar shekara 71 a coci, alhali ba ta mutu ba kuma ƙa'idar kisa da fyaɗe kawai ta ambata, masu amfani da shafin suka yi ca. Sai aka rufe kowa daga idon 'yan sanda, sai wanda ya shiga ya amince da kansa. Rumbu mai sunaye fiye da miliyan ɗaya ya koma fanko a dare ɗaya, ya fara cika a hankali.

Masu ƙorafin suna da hujja, domin jami'ai ba su cika fitar da gaskiyar yadda suke aiki ba. A farkon 2019 aka gano kamfanin FamilyTreeDNA yana ba hukumar FBI haɗin kai ba tare da sanar da abokan cinikinsa ba. A ƙarshen 2020 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa a binciken DeAngelo ma ba GEDmatch kaɗai aka shiga ba, an leƙa har rumbun MyHeritage, kamfanin bai sani ba. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji a 2019: a taƙaita dabarar ga manyan laifuka da gawarwakin da ba a san masu su ba, a fara gwada CODIS, kuma kada a kama kowa da hujjar salsala kaɗai sai an ɗauki samfurinsa an gwada kai tsaye. A 2021 jihohin Maryland da Montana suka kafa dokoki, ta Maryland ta wajabta neman izinin alƙali kafin a fara.

Dabarar kuma ba kowa take yi wa aiki daidai ba. Yawancin masu tofa yawun Turawa ne, don haka in wanda ake nema baƙar fata ne dangi kaɗan ke fitowa, takardun salsalarsu kuma sukan katse a zamanin bauta, domin ƙidayar Amurka ba ta fara rubuta sunayen akasarinsu ba sai a 1870. Haka inda auren zumunci ya yi yawa, kamar yadda aka sani a gidaje da dama na ƙasar Hausa, lissafin kan rikice, don mutum biyu kan haɗu ta hanyoyi uku ko huɗu, na nesa ya fito kamar na kusa.

Shi kuwa shafin da masu sha'awa biyu suka buɗe kyauta, ya daɗe da barin hannunsu. A Disamba 2019 kamfanin Verogen, mai ƙera kayan gwajin DNA na binciken laifuka, ya saye shi, ya kuma buɗe wa 'yan sanda ƙofa ta musamman da suke biyan kuɗi su shiga. A Janairu 2023 kamfanin Qiagen na Turai ya saye Verogen ɗungurungum kan dala miliyan 150.